Giyar kaka ta 'yan Norfolk, na sha ga abin da na ji

Tun farko bari in faɗa don kada wani ya karanta rabi ya fara tsine min, wannan sharhin kan giya ne mai bugarwa, ba malt ɗin kwalba da ake rabawa a wurin biki ba. 'Yan uwana Musulmi da ma namu 'yan coci da ba sa taɓawa, ku yi haƙuri ku wuce abinku, babu faɗa. Waɗanda suka saura kuma ku matso.

Wani ɗan ƙaramin gidan giya ne a nan yankin Norfolk da ke gabashin Ingila, irin waɗanda mutum uku ko huɗu ne ke yin komai daga dafawa har liƙa takarda a jikin gwangwani, duk shekara in kaka ta shigo sai su fitar da wata giya ja-ja mai duhu wadda ba sa yin ta sauran watanni. Gwangwanin mililita 440 ne, ƙarfinta kashi 5 da ɗan wani abu, kuɗinta fam 4 da 'yan canji wanda gaskiya ba arha ba ne tunda da wannan kuɗin za ka ɗauko laga biyu ko uku a babban kanti. A jikin gwangwanin sun zana busassun ganyaye da wata dila, abin da kowa ke zanawa kenan dai in an ce kaka.

Mu da muka tashi a Jos da Star da Gulder da Rock, duk abin da muka sani laga ce, sai ko baƙar Guinness ɗin nan mai kashi 7.5 ga masu ƙarfin hali. Wannan kuwa irin wadda suke kira el ce, bambancin yana wurin yis. Na laga a cikin sanyi yake aiki, wajen digiri 10, a hankali, kuma ba ya barin wani ƙanshi nasa, shi ya sa laga take zuwa wasai. Na el kuwa ɗumi yake so, digiri 18 zuwa 20 da ɗoriya, cikin 'yan kwanaki ya gama, kuma yana barin wani ɗan ƙanshi kamar na 'ya'yan itace a baya. To ka riƙe wannan a ranka.

Da na zuba a kofin gilas, launin ya burge ni ba ƙarya. In ka ajiye a tebur sai ka ce ruwan ƙasa ce mai duhu amma da ka ɗaga ta saitin taga sai ja ya fito sosai, tas take babu gurɓata, kana iya hango yatsunka ta ɗaya gefen. Kumfar ba fara fat ba ce, ta ɗan yi ruwan madara, kaurin yatsa biyu, ta zauna na ɗan lokaci sannan ta sauka ta bar zobe a gefen kofi. Gas ɗin kaɗan ne. Wanda ya saba da laga mai tsirta a harshe zai iya cewa ta sane, ba ta sane ba, haka ake yin ta.

Yanzu ga babban zancen, kuma in ba ka ɗauki komai daga rubutun nan ba ka ɗauki wannan, giyar nan ba ta son firji. Na san mu, in giya ba ta yi raɓa a jikin kwalba ba har tana ƙone hannu sai mu ce wa mai shago ya canza mana, to wannan ɗabi'ar ka bar ta a ƙofa. Da gangan na kwatanta, ɗaya kai tsaye daga firji ɗaya kuma na bar ta a kan tebur kamar minti 20 ta huce. Ta firjin ba ta da wani labari, ɗan zaƙi, ɗan ɗaci, sai wani ɗanɗano kamar ka lashi ƙarfe a ƙarshe, in da ita kaɗai na sha da na ce an cuce ni fam 4. Amma wadda ta huce, kai jama'a, kamar ba daga tukunya ɗaya suka fito ba. Ƙanshin ne ya fara tashi tun kafin kofi ya kai baki, gasasshen burodi, sukarin da aka ƙona, da wani abu kamar busasshen inabi can ƙasa-ƙasa. Kurɓar farko zaƙi ne ke tarar ka amma ba zaƙin lemon kwalba ba, zaƙi ne mai nauyi da ke tafiya a hankali, sai garɗi ya biyo baya, kuma garɗin nan shi ne ya saye ni, irin na ƙanzon shinkafa wanda ya yi ja bai kai ga ƙonewa ba, wanda yara ke faɗa a kansa a gindin tukunya. Bayan ka haɗiye sai ɗan ƙauri kaɗan ya rage a maƙogwaro tare da ɗaci mai sauƙi, kamar na baƙin shayi da ya jima a buta. Su Turawan nan digiri 11 zuwa 13 suke ajiye irin wannan giyar a ɗakin ƙasa na mashaya, da can ina musu dariya ina cewa mutanen da ƙanƙara ke sauka a ƙasarsu amma suna shan giya da ɗumi, ashe akwai dalili, sanyi yana rufe ƙanshin malt ne gaba ɗaya.

Mafi yawan wannan ɗanɗanon daga hatsi yake, ba su zuba sukari ko kayan ƙanshi ba, a jikin gwangwanin ruwa ne da sha'ir da hop (furen wani tsiro da ke ba giya ɗaci) da yis kawai. Sha'ir ɗin ma irin da ake kira Maris Otter ne, wani tsohon iri da aka samar a Cambridge tun shekarun 1960, manoma ba su cika son sa ba don bai kai sababbin iri yawan amfani a gona ba, amma masu ƙananan gidajen giya sun nace masa saboda garɗinsa, kuma Norfolk na cikin wuraren da aka fi noma shi. Yadda ake mayar da shi malt kuwa duk wanda ya taɓa ganin mata na shirin burukutu ya san aikin, a jiƙa hatsi kamar kwana 2, a shimfiɗa shi ya yi tsiro na kwana 4 ko 5 ana juyawa, sai a busar. Mu da jar dawa muke yi rana ce ke busar mana, su kuma da iska mai zafi a cikin wani ɗaki, kuma a nan ne dabarar take, yawan zafin da aka ba shi shi ke sa ya fito fari ko ja ko baƙi. Akwai wani da suke yi daban, tun yana ɗanye da tsironsa sai a turara shi har garin cikin ƙwayar ya koma sukari sannan a gasa, sukarin ya daskare a ciki kamar alewa, ɗan kaɗan ake zubawa a cikin tukunya amma shi ke kawo jan launin nan da zaƙin da yis ba ya iya cinyewa. A ƙauyen Great Ryburgh nan kusa da mu akwai gidan malt na Crisp, har yau suna da ɗakin da ake baza sha'ir a daɓe ana juya shi irin na da.

Wani abokina ɗan Kafanchan da na ba shi ya kurɓa cewa ya yi, ai wannan Maltina ce ta girma ta yi gemu. Na yi dariya amma akwai gaskiya a ciki, don harshenmu ya riga ya san ɗanɗanon malt tun muna yara, bambancin shi ne a Maltina sukarin yana nan cif ba abin da ya taɓa shi, a nan kuma yis ya cinye mafi yawa ya bar saura. Sai dai kada ka yi tsammanin ɗanɗanon zai zo ɗaya sak, tun da gwamnati ta hana shigo da malt ɗin sha'ir Najeriya a 1988 kamfanonin gida suka koma wa dawa da masara, kuma dawa tana da nata ɗanɗano daban. Da burukutu kuwa ba su haɗa hanya ba sam in ban da tsiron, burukutu tsami ne da kauri, wannan ko ɗigon tsami babu.

To yanzu inda na ga gazawa. Ɗacin ya yi kaɗan. Hop ɗin da suka sa Fuggle ne, tsohon irin Ingila da ya fito daga Kent tun ƙarni na 19, mai ƙanshin ƙasa da busasshiyar ciyawa, ba irin na Amurka mai ƙanshin lemon tsami da mangwaro da ya cika kantuna yanzu ba, kuma zaɓin ya dace, hop ɗin Amurka da ya danne malt ɗin. Amma sun yi rowa da shi. Rabin farko na kofi komai daidai, daga nan sai zaƙin ya fara taruwa a baki babu abin da zai wanke shi, leɓe ya fara danƙo, kafin ka kai gindin kofi ka fara jin ta gundure ka. Gwangwani ɗaya ya ishe ni a zama ɗaya, na biyu sai dai in don hira. Da sun ƙara ɗaci ko da kaɗan ne, ko su rage wancan malt mai alewa, da ba ni da ta cewa. Sannan ƙanshin inabin nan da na ji a hanci bai fito a baki yadda na so ba, ya yi alkawari bai cika ba.

Abinci yana gyara wannan matsalar sosai. Na haɗa ta da tsiren da na gasa a oben da yajin ƙuli da aka aiko min daga gida, barkonon ya yanke zaƙin, garɗin gyaɗa kuma ya haɗu da na malt suka tafi tare, abin sai wanda ya gwada. Da gasasshen naman rago ma ta yi, da cukuwin Cheddar mai ƙarfi ma ta yi. Da farfesun kifi kuwa a'a, kifin ya sa ta koma wani iri, a nan laga mai sanyi ta fi ta nesa ba kusa ba.

Akwai tambayar da na yi ta yi wa kaina, wai shin wannan "ta kaka" da suke rubutawa gaskiya ce ko dabarar talla ce kawai. Ni a ganina rabi da rabi. A da can lokacin da babu injin sanyaya abubuwa, giya ba ta yiwuwa da kyau a watannin zafi don lalacewa take, har a Bavaria ta Jamus aka kafa doka a 1553 cewa daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba ba a dafa giya, shi ya sa suke yin mai ƙarfi a watan Maris su ɓoye a kogo mai sanyi su sha har kaka, asalin jar giyar da aka san bikin Oktoberfest na Munich da ita kenan. A Ingila ma manyan gidaje na ƙauye sukan dafa giya mai ƙarfi a Oktoba su ajiye. Yanzu kam da na'ura ko a Yuli za ka iya dafa wannan giyar ta fito daidai, kuma duk wanda ya ce maka wai da sabon sha'ir na bana aka yi ta ka ɗan yi shakka, don sabon sha'ir sai ya kwanta ya huta na wani lokaci kafin ya yarda ya tsira gaba ɗaya. Hop ne dai ake girba a Satumba da gaske. Amma ta ɓangaren mai sha, e, lokacin ya dace da ita. In aka mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ƙarfe 5 na yamma duhu ya rufa, ga yayyafi ga iskar da ke tasowa daga teku, ba ka marmarin abu mai ƙanƙara, wannan mai nauyin kake so. A watan Yuli ko kyauta aka ba ni ba na jin zan shanye. Kuma na gode musu da ba su bi 'yan Amurka sun zuba kabewa da kirfa a ciki ba, wannan kam na gwada, ba da ni ba.

Na kuma same ta a wata mashaya a cikin Norwich ana jawo ta daga ganga da famfon hannu, irin giyar da ƙungiyar masu shan giya ta Birtaniya mai suna CAMRA ke fafutukar karewa tun 1971, wadda yis ɗinta ke da rai a cikin gangar ba a cusa mata gas ba. Ta gangar ta fi ta gwangwani, ta fi laushi a baki kuma abin mamaki zaƙin bai dame ni kamar na gida ba, ƙila don an jawo ta a daidai sanyin da take so. Sai dai kofin nasu mililita 568 ne, ga ta da sauƙin shiga ba ka jin ƙarfinta sai ka miƙe tsaye, kofi ɗaya ya kai awo 3 na barasa a lissafin hukumar lafiya ta nan alhali awo 14 suka ce kada a wuce a mako, don haka in da mota ka zo ka nemi rabin kofi ko ka haƙura.

In maki ake so na ba ta 7 cikin 10 a gwangwani, 8 a ganga. Zan sake saya, amma ɗaya-ɗaya ba katan ba. Wanda ke nan Ingila yana son gwada irinta ba sai lallai ta wannan gidan ba, ƙananan gidajen giya da yawa suna fitar da tasu daga Satumba, ka duba wadda aka rubuta Maris Otter ko Fuggle a jiki, ka juya gindin gwangwanin ka ga ranar da aka cika shi, kuma kada ka yi jinkiri don ana shiga Disamba na Kirsimeti ne ke karɓe kantar.