Golf GTD ko GTI? Na hau duka biyun, ga abin da na gaya wa ƙanina

Ƙanina da ke Kano ne ya hana ni sakat kusan wata biyu, kullum sai ya kira, Yaya don Allah ka duba min Golf 7 mai gudu a can, kuma wai shi mai gas yake so, wato dizal, saboda wani abokinsa ya ce masa ba ta shan mai. To da yake motar da yake magana a kai ɗin, wato GTD, ita nake hawa a nan Hamburg shekara uku kenan, kuma maƙwabcina ɗan Kumasi yana da GTI wadda mukan yi musanya in tafiya ta kama, sai na ce bari dai in rubuta abin a fili ko wani ma zai ƙaru, tunda mu 'yan Arewa soyayyarmu da Golf ba yau ta fara ba, tun zamanin Golf 3 ake tare.

In aka faka su gefe da gefe sai mai ido ne zai bambance. GTI tana da jan layi a hanci da salansa biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. GTD layinta ruwan azurfa ne, salansarta biyu a manne waje ɗaya gefen hagu. Kujerun duka yadi ne mai gida-gida, na GTI da ratsin ja, na GTD ruwan toka. Shi kenan, sauran bambancin yana ƙarƙashin bonet.

Duka injin lita 2.0 ne mai turbo. Ta fetur ɗin, GTI ta 2013, ƙarfin doki 220 ne, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 sakan 6.5. Ta gas ɗin doki 184, sakan 7.5. Amma a ƙarfin ja, wanda ake aunawa da Nm, GTD ce a gaba, 380 ita kuma GTI 350. Wannan lambar ita ke ruɗar mutane, kuma ni ma ita ta ruɗe ni lokacin da zan saya.

Gaskiya ranar farko da na fita da GTD na ɗauka na gama dacewa. Kana tafiya a giya huɗu a hankali, ka ɗan taɓa totur kaɗan kawai sai ka ji kujera ta turo ka ta baya kamar wani ƙato ya dafa ka, ba sai ka canza giya ba, ba sai injin ya yi ihu ba. A hanyar A7 in za ni Hannover, inda akwai wuraren da babu iyakar gudu, in tirela ta tare ni na dawo 90, tana kaucewa nake takawa ina giya shida, kafin in duba madubi sau biyu na koma 160. Ba hayaniya, ba gajiya. A wannan aikin kam ba ta da laifi ko kaɗan.

Matsalar tana fitowa ne ranar da jininka ya motsa kana so ka yi wasa da mota. Ka sa giya biyu ka taka har ƙasa, za ta fizge ka da ƙarfi na ɗan lokaci, allurar juyin injin na wuce 4,000 a minti sai ka ji numfashinta ya ƙare, ƙara na ƙaruwa amma gudun ba ya ƙaruwa, dole ka canza giya. Kamar mutum ne ya fara ba ka labari mai daɗi, ana zuwa tsakiya ya ce sai gobe. Ita kuwa GTI a daidai wurin nan ne ma take buɗe ido, ta ja ka har sama da 6,000 tana ƙara zafi, giya ɗaya ta ishe ka aikin da sai ka yi da giya biyu a tawa. Ranar da na fara karɓar ta maƙwabcin nawa, da na dawo masa da makulli kallona kawai ya yi ya fashe da dariya, ya ce Alhaji ka ga bambancin doki da raƙumi ko? Ban ce masa komai ba.

Kuma ba wai kamfani ne ya yi rowa ba, halittar injin ce haka. Injin gas ba shi da fulogi, iska yake matsewa har ta yi zafi sosai sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Wannan matsin yana buƙatar ƙarafa masu kauri da nauyi, shi kuma man yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya ƙone, saboda haka injin ba zai iya juyawa da sauri irin na fetur ba. Ƙarfinsa a ƙasa yake, na fetur kuma shimfiɗe yake har sama. Nauyin ma kana jin sa a kwana, hancin GTD yakan ɗan so ya miƙe in ka shigo da zafi, ita GTI ta fi saurin bin sitiyari, balle in ka samu wadda ake ce wa Performance mai doki 230 da manyan birki.

Sai maganar ƙara, nan kam abin dariya ne. Da sanyin safiya in na tayar da ita a waje, musamman watan Janairu, wallahi sak injin markaɗen unguwarmu. A ciki kuma sun maƙala wani ɗan abu a ƙasan gilashin gaba mai gurnani don ka ji kamar kana cikin motar tsere. GTI ma tana da shi, amma ita ko an cire tana da muryarta ta gaskiya.

Masu son gas za su ce ai Audi R10 TDI ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 2006, Peugeot 908 ma ta ci a 2009, duk da gas. Haka ne, ban musa ba. Amma wane irin tsere ne? Na juriya ne, dare da rana, inda wanda ya rage tsayawa shan mai yake cin riba. Wannan shi ne ainihin gidan gas. Ferrari ba ta taɓa sayar da mota mai gas ba, Porsche 911 ma haka, su Porsche ɗin a 2018 ma gaba ɗaya suka daina gas har a manyan motocinsu. Tun bayan badaƙalar 2015 da aka kama Volkswagen a Amurka da sa manhajar da ke ɓoye yawan hayaƙi lokacin gwaji, motoci wajen miliyan 11 a duniya, kasuwar gas a Turai take ja da baya. Nan Hamburg ma a 2018 an hana tsofaffin motocin gas bin wasu tituna biyu, tawa dai bai shafe ta ba.

Inda GTD take rama duka shi ne gidan mai. Tankinsu ɗaya, lita 50. A takarda an rubuta mata lita 4.2 a kilomita 100, GTI kuma 6.0, waɗannan lambobin kam ka karanta ka yi murmushi kawai, ba wanda ke samun su sai in tuƙin tsoho yake yi. Ni a dashbod ɗina abin da na saba gani tsakanin 5 da rabi ne zuwa 6, shi kuma maƙwabcina 8 zuwa 9, in ya ji daɗin hanya ya wuce 10. Ga shi a nan litar gas yawanci ta fi ta fetur sauƙi, ko da yake harajin mota na shekara ya fi tsada a kan mai gas. In kana doguwar tafiya kullum lissafin yana fita tsaf.

To amma shi ƙanina ba a A7 zai tuƙa ba. Daga gida zuwa shago ne, cikin gosulo, tafiyar da injin bai ma gama ɗumi ba an iso. Motar gas ta zamani tana da wata matata a salansa mai tare baƙin hayaƙi, DPF ake ce mata, in ta cika sai motar ta ƙona dattin da kanta, kuma hakan na buƙatar tafiya mai ɗan tsawo da zafi. Wani hunturu da na koma aiki kusa da gida na yi sati uku ban hau babbar hanya ba, wata rana na kashe mota na ji fanka na ta gudu ita kaɗai ga warin ƙuna kamar an bar dutsen guga a kan kaya, ashe tana tsakiyar ƙonawa ne na katse ta. Na yi haka sau biyu sau uku sai ga fitila mai ruwan ɗorawa a dashbod. Laifina ne ba nata ba, sai da na fita na yi kusan rabin awa ina zagaye a babbar hanya a giya huɗu, ba inda za ni, kafin ta mutu. Yanzu ka auna wannan da mai zirga-zirgar cikin gari kullum.

Sannan ga man kansa. Nozul ɗin waɗannan injinan ramukansu ƙanana ne ƙwarai kuma da matsi mai tsanani suke fesawa, in ka zuba gas ɗin jarka na gefen titi da aka yi wa algus da kananzir ko ruwa ya shiga, famfo da nozul huɗu ne za su tafi tare, kuɗinsu kuwa ba na wasa ba ne. Masu gyaran gas a gida suna da yawa amma mafi yawansu hannunsu a tirela da janareta ya faɗa, wannan kuma sai mai kwamfuta. GTD ba a sayar da ita a Amurka ba, saboda haka kayan gyaran da ke shigowa daga can ba za su taimake ka a injin ba, GTI kuwa tana can da yawa. Farashin ma juye yake da na nan, a Najeriya gas ne ya saba fin fetur tsada, duk da cewa tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 tazarar ta ragu.

Ba wai GTI waliyiya ba ce. Ita ma mai turbo ce mai son fetur mai kyau, lambar ingancin fetur 95 aka rubuta a murfin tanki, kuma ba ta son baƙin man arha. In ta otomatik ce mai DSG, man giyarta duk kilomita 60,000 sai an canza, wanda ya yi ko oho zai ji a jikinsa. Duka biyun kuma gajeru ne, duk wani tudun rage gudu da 'yan unguwa suka yi da kansu sai ka hau shi a karkace kana addu'a.

Ni dai tawa ina nan da ita, saboda duk sati sai na je Hannover na dawo, kuma sau ɗaya nake shiga gidan mai. Shi kuwa ƙanin nawa ce masa na yi, Malam, in gudu kake so ka ji a jikinka GTI za ka saya, mai giyar hannu, fara ko ruwan toka saboda rana, in kuma tsimin mai ne damuwarka to ka bar duka biyun ka nemi Golf mai lita 1.4 ka huta. Jiya ya sake kira wai abokin nasa ya ce ai ana cire DPF ɗin a jefar. Na ce masa ya tambayi abokin ko shi zai biya kuɗin nozul.