Tsohuwar MX-5: a kwance ta gaba ɗaya, ko a gyara ta tana tafiya?

Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri, ya tsare. Ka ce ka sayi Mazda MX-5 ƙirar 1991, tana tashi tana tafiya, sai dai tana ɗigar da baƙin mai, fentinta ya koɗe, kai kuma aikin mota da ka taɓa yi bai wuce canjin taya ba. Kana tambaya ko ka kwance ta kaf har sai bodi zalla ya rage sannan ka sake haɗawa, ko kuwa ka riƙa gyara ta gaɓa-gaɓa kana hawa.

Kwancewa gaba ɗaya tana da fa'idar da ba a musunta ta. In aka sauke inji da giyabos, aka cire kujeru da kafet da wayoyi, babu tsatsar da za ta ɓuya, babu tsohuwar waldar ha'inci da za ta tsira. Fenti ya fi kyau, don ana fesa shi har cikin ɗakin inji da bakin ƙofofi. Ba a kuma maimaita wahala: wanda ya sauke giyabos zai canza kuloc da sil ɗin bayan inji a zama ɗaya. Motocin da ake kaiwa baje koli galibi ta nan suka bi.

To amma dubi abin da take nema a wurinka. Motar da aka kwance ta fi haɗaɗɗiya cin fili nesa ba kusa ba, kuma rufaffen wuri take so, na watanni, sau da yawa ma shekaru. Kuɗin a dunƙule suke fita, alhali ba ka hawa komai. Kwancewa kuwa aiki ne mai daɗi da sauri, shi ne ma yake ruɗar mutane. Haɗawar ce jidali: bol ɗin da ka cire yau kana ganin ba za ka manta wurinsa ba, bayan wata takwas ya saje da 'yan'uwansa a cikin gwangwani.

Babbar asarar sabon shiga a wannan hanya ita ce ya kwance motar da bai sani ba. Ba ka san yadda giya ta biyu take shiga da safe ba, ba ka san ƙarar da take yi a kwana ba, ba ka san inda allurar zafi take tsayawa ba. Ranar da ka haɗa ta ta ƙi tashi, hannunka ya taɓa wuri ɗari, ta ina za ka fara nema? Kuskurenka ne ko dama can haka take? Da yawan motocin da ake sayarwa a kwali-kwali, wai an fara gyara ba a gama ba, a nan suka maƙale.

Gyara tana tafiya akasin haka ne. Kowane aiki ƙarami ne, ka fara ka gama ka gwada. In wani abu ya ɓaci, ka san wurin da ka taɓa na ƙarshe ne. Motar da kanta take nuna maka abin da ya fi gaggawa, hannunka kuma yana faɗawa a hankali, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Tsarin da zan bi shi ne abin da ke tsayar da mota kafin abin da ke sa ta gudu. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. In ba ka san tarihinsa ba, zubar da shi, ka duba tiyon roban birki ko ya tsattsage. Taya kuma kada zanenta ya yaudare ka. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2315 na nufin mako na 23 a 2015. In uku ka gani, tun kafin 2000 aka yi ta, ba ta da wurin zama a motarka. Sai baƙin mai da filta, man giya, fulogi. Sai lagireto: saman nata roba ne baƙi, in ka ga ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya tsufa, fashewa yake jira. A canza shi tare da tiyoyinsa.

Ɗigar man da ka ambata, a wannan injin, yawanci daga gasket ɗin murfin saman inji ne ko wani ɗan zoben roba a bayan kan injin. Aiki ne daidai sabon shiga. Wanke injin tukuna, ka yi 'yar tafiya, ka ga inda man ya fara fitowa.

Taimin bel kuma ana canza shi duk mil 60,000, kusan kilomita 96,000, tare da famfon ruwa tunda hanya ɗaya ce. Sa'arka, injin 1.6 na wannan mota ko bel ɗin ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, mota ce kawai za ta mutu maka a hanya. Amma ga abin kiyayewa: injinan farko, har zuwa cikin 1991, bakin karanshaf ɗinsu gajere ne, in ba a ɗaure bol ɗin fulinsa daidai ƙa'ida ba sai ramin da ke riƙe fulin a jikin karanshaf ya cinye. Tayar da inji ka kalli fulin ƙasa, in yana rawa kada ka ƙara hawa sai gwani ya gani. Wannan bol ɗin ba na ɗaurin hannu da ƙiyasi ba ne, sai da sifana mai auna ƙarfin ɗauri.

Wannan hanyar ma ba ta rasa aibi. Za ka buɗe wuri ɗaya sau biyu ko uku. Wata rana za ta ajiye ka a titi. Za ka daɗe kana yawo da koɗaɗɗen fenti. Mafi muni, tsatsar da ba ka gani ba tana ci gaba da cinta kana murnar sabon fulogi.

Tsatsar nan ce ma alƙaliyar zaɓin. Wannan MX-5 ɗin ba ta da rufin ƙarfe, don haka ƙarfin bodinta ya dogara sosai da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Ruwan da ke gangarowa daga rufin tamfol ɗinta yana bi ta wasu magudanai biyu a bayan kujeru. In suka toshe, ruwan ya nemi hanya cikin bodi, tsatsa ta fara daga ciki, a daidai gaban tayoyin baya. Kafin fenti ya kumbura a waje, ciki ya riga ya yi nisa. Ɗaga motar, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na tallafi (jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashi ba ne, ko na minti ɗaya), ka bi wuraren nan da sukudireba kana dannawa. Sa maganaɗisu kuma: inda ya ƙi kamawa, fila (abin cike ramin bodi) aka cusa aka rufe da fenti.

In ƙarfen lafiya lau yake, kuma gwajin matsin inji ya nuna silinda huɗun sun yi kusa da juna, ni ban ga dalilin kwance ta ba. Gyara ta tana tafiya. In sukudireba ya huda, nan ma ba sai ka wargaza mota duka ba: cire kujeru da kafet na gefen, cire batir (a but yake), ka kai wa ƙwararren mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe, ka tuna masa tankin mai yana nan bayan kujeru. Walda a wurin da ke riƙe da mota ba wurin koyon walda ba ne. Kwancewa kaf sai in ruɓar ta kai ƙasan mota da inda ƙafafunta suke ɗaure, a nan kuwa ka fara lissafin ko wani bodin ya fi sauƙi.

Fenti ka bar shi can ƙarshe, duk da na san shi ya fi tsone maka ido. Man birki yana cin fenti, sifana tana kuɓucewa, mai walda kuma zai ƙone duk abin da ke kusa da aikinsa.