Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Shirya Fayil Mai Ƙayyadadden Faɗi Daga Excel?

Duk ma'aikacin da ke haɗa albashi ko lissafin ƙungiyar adashe a Kaduna, ko a kamfanonin Kakuri ne ko a makarantun kuɗi na Barnawa da Unguwar Rimi, wata rana za a iya ce masa manhajar da za ta karɓi bayanansa ba ta karanta Excel, sai fayil mai ƙayyadadden faɗi. A irin wannan fayil babu waƙafi tsakanin suna da lambar asusu. Kowane bayani yana da gurbinsa da adadin haruffan da aka yanka masa, idan bai cika ba sai a cike da fili ko da sifili. Tsarin ya samo asali ne daga katin kamfanin IBM mai gurbi 80 na shekarar 1928, wanda ake hudawa don adana bayanai, kuma tsoffin manhajojin da aka rubuta da yaren kwamfuta na COBOL har yau da shi suke aiki. Da zarar harafi ɗaya ya goce, duk abin da ya biyo bayansa a layin ya lalace, shi ya sa shirya shi da hannu duk wata yake da haɗari.

Kafin ka kashe ko sisi, ka karɓi takardar ƙa'idar fayil daga wurin mai karɓa, wadda ta fayyace tsawon kowane gurbi, da gefen da za a jingina rubutu, da yadda ake rubuta kwanan wata da kobo.

Hanya mafi sauƙi ita ce adana aikin a matsayin fayil ɗin PRN, wanda Excel ke fitarwa da kansa. Ba na ba da shawararta ga abin da ya shafi kuɗi, domin ta dogara ne da faɗin da ka ja wa kowane ginshiƙi, kuma ba ta wuce haruffa 240 a layi ɗaya. Abin da ya haura sai ta jefa shi can ƙasan fayil.

Ta biyu ita ce fomula. Da REPT ake samar da fili ko sifili, da LEFT da RIGHT ake yanke rarar, TEXT kuma ta daidaita lamba, sannan a haɗa komai a ginshiƙi ɗaya a kwafa zuwa Notepad. A nan ne ya kamata a natsu, saboda lambar asusu ta NUBAN lambobi 10 ce, BVN da NIN kuma 11, kuma Excel na share sifilin farko na duk abin da ya ɗauka a matsayin adadi, kamar yadda yake yi wa lambar waya. Haka nan ba ya riƙe fiye da lambobi 15 daidai, sauran sai ya mayar da su sifili. Dole ne a mayar da ginshiƙin na rubutu tun kafin a shigar da bayanan, a kuma ajiye wani ginshiƙi da LEN zai ƙirga tsawon kowane layi. Ga ofishin da ke aika layuka ƴan ɗaruruwa jefi-jefi, wannan ya wadatar, kuma ba ya buƙatar sayen komai.

Idan aikin na kowane wata ne, ni a ganina makiro, wato jerin umarnin da Excel ke aiwatarwa da kansa, da ake rubutawa da yaren VBA wanda ke cikin Excel tun 1993, shi ya fi cancanta, domin da danna maɓalli ɗaya zai duba kurakurai, ya rubuta layin farko da na jimilla, ya fitar da fayil. Sai dai ba ya aiki a Excel na waya ko na intanet, kuma tun 2022 Microsoft ke toshe makiro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet har sai an buɗe su da gangan. Game da lasisi, ko dai a riƙa biyan kuɗin Microsoft 365, ko a sayi Office 2024 sau ɗaya. Office 2016 da 2019 kuwa an daina yi musu gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma bai dace a ɗora albashin jama'a a kan kwafin sata ba. Amma ainihin abin da kake saye shi ne aikin wanda zai rubuta makiron. Ka shardanta masa ya miƙa rubutun a buɗe ba tare da kalmar sirri ba, tare da bayanin inda ake sauya tsawon gurbi, domin ranar da mai karɓa ya canza ƙa'ida wataƙila mai rubuta makiron ya bar gari.

LibreOffice Calc, wata manhaja mai kama da Excel, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, amma ba kowane makiron Excel yake gudu a cikinta ba. Google Sheets da Apps Script, wato irin makironsa, na da amfani idan ma'aikata na rassa daban-daban, sai dai ranar da sabis ya ɗauke aiki ya tsaya, kuma ɗora BVN ɗin mutane a can abu ne da ya kamata a auna da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Yaren kwamfuta na Python ya fi dacewa da dubun dubatar layuka, idan akwai mai kula da shi a ofis.

Kowace ka zaɓa, ka gwada ta da sunaye irin su Ɗanladi da Ɗahiru. A UTF-8, wani tsarin adana haruffa a kwamfuta, haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowannensu bayit biyu yake ci, wato gurbin haruffan Turanci biyu, don haka idan manhajar mai karɓa bayit take ƙirgawa, layin zai goce alhali LEN na nuna daidai yake. Makiron da ya rubuta fayil ta tsohuwar hanya kuma kan iya mayar da su alamar tambaya. Ka nemi mai karɓa ya loda fayil ɗin gwaji mai ɗauke da irin waɗannan sunaye, da suna mai tsawo, da asusun da ya fara da sifili, sannan ka biya cikon kuɗin aikin.