Zaɓen Titin Ƙaramin Jirgin Ƙasa na Lambu a Yanayin Gombe

Duk wanda yake son shimfiɗa titin ƙaramin jirgin ƙasa na wasa a lambunsa ko a tsakar gidansa, ya kamata ya auna filin tukuna kafin ya aika kuɗi waje, domin kayan daga Turai ko Amurka ake kawo su, kuma mayar da su ba ƙaramar wahala ba ce.

Faɗin titi iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai milimita 45, wanda kamfanin LGB na Jamus ya yaɗa tun 1968, akwai kuma mai milimita 32 da Peco na Ingila yake yi. Na farkon ya fi sauƙin samun injina da taragai, kuma yana da wani abin sha'awa a wurinmu: tsohon layin dogon da ya iso Gombe a 1963 faɗinsa milimita 1,067 ne, saboda haka milimita 45 ya yi kusan daidai da shi idan an rage girman sau 24.

Batun ƙarfen ne ya fi bukatar natsuwa. Tagulla ita ce aka fi sayarwa, tana lanƙwasuwa ba gardama, amma tana dusashewa, kuma idan ta cikin titin wuta take bi zuwa injin, ƙurar hunturu ta kwana ɗaya ta isa ta sa jirgin ya riƙa tsayawa yana tashi. Ƙarfe mara tsatsa ya fi jure ruwa da ƙura, sai dai ya fi tsada da wuyar yanka. Alminiyom ya fi araha, amma ba ya jure takawa, kuma gidan da akuya take yawo a sake bai dace da shi ba. A ganina, mai sayen injin batir ya huta da goge titi kullum da kuma jiran a kawo wuta, don haka tagulla ta wadace shi.

Zafin bazara ma yana da nasa hukunci. Tagulla mai tsawon mita 10 tana ƙaruwa da kusan milimita 6 idan zafinta ya hau da digiri 30, shi ya sa ake barin ɗan rata a mahaɗa, kuma ba a ɗaure titin tamau a kan siminti. An fi so a kwantar da shi a kan ƙananan tsakuwa masu kaifi, a ɗaga shi kaɗan don ruwan Agusta ya samu hanyar wucewa. Sandunan da ke kwance a ƙarƙashin titin suna riƙe da shi su kasance na roba mai jure rana, domin na katako abincin gara ne.

Game da kwana, wato lanƙwasar titi, mafi matsi a kayan LGB tana yin da'ira mai faɗin kimanin mita 1.2, wadda gajerun injina kaɗai suke jin daɗinta. Mai fili ya nemi ta wajen mita 2.4. Hawa kuma kada ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowace mita. Ana iya gwada fasalin duka da tiyon ban ruwa a shimfiɗe a ƙasa, a bar shi kwana biyu a ga inda mutanen gida suke takawa, sannan a ƙirga guntayen da za a saya.