Gashi a gaban ido: Teppan Edo na cikin Epcot da wani na bakin titi

A watan Agustan da ya wuce muka yi kwana biyar a Orlando ta jihar Florida, mu shida: ni da uwargida da yara uku, sai Hajiya, mahaifiyata, da ta zo mana ziyara daga Kano. Cikin kwanakin nan sau biyu muka ci abincin Japan ɗin nan da ake gasa maka a gabanka, ɗaya a Teppan Edo da ke cikin Epcot, wurin shaƙatawa na kamfanin Disney, ɗaya kuma a waje. Tun da muka dawo ake ta tambayata wanne ya fi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Ga wanda bai taɓa gani ba, sunan wannan girki teppanyaki. Teppan na nufin farantin ƙarfe, yaki kuma gashi. Teburin da kuke zaune shi ne murhun: faffaɗan ƙarfe mai zafi a tsakiya, masu ci sun kewaye shi ta ɓangare uku, mai girki yana tsaye a na huɗu. Amurkawa sun fi kiransa hibachi, alhali a Japan hibachi kaskon gawayi ne na jin ɗumi. Wani gidan abinci mai suna Misono a birnin Kobe ne aka fi dangantawa da fara gasa nama a haka, a 1945. Wasan wuƙa da jefa ƙwai sama kuwa ya yi suna ne a Amurka bayan wani ɗan Japan, Rocky Aoki, ya buɗe gidan abincin Benihana a New York a 1964. Da nake yi wa Hajiya wannan bayani a mota, sai ta ce, "To ai mu ma a gaban mai tsire muke tsayawa mu ga abin da ya ɗora mana." Gaskiyarta. Bahaushe ba baƙo ba ne wajen cin abin da aka gasa a kan idonsa, kuma da wannan mudu na auna wuraren biyu.

Teppan Edo yana sashen Japan na World Showcase, inda aka jera ƙasashe 11 a kewayen tafki, kuma Maroko ce maƙwabciyarsa. A saman bene yake, bisa kantin Mitsukoshi, kamfanin da asalinsa ya koma 1673 a garin Edo, wato Tokyo ta yau. Sai kana da tikitin shiga Epcot za ka kai gare shi, kuma ana buɗe kama teburi kwana 60 kafin ranar. Uwargida ce ta kama mana tun muna gida, ta manhajar Disney, ƙarfe biyu na rana. Allah ya saka mata, domin a lokacin ranar Florida ta gama ƙona mu, gwiwar Hajiya kuma ta fara kuka. Da lif muka hau da ita.

Teburin na mutum takwas ne, saboda haka aka haɗa mu da wasu miji da mata da ba mu sani ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna tun kafin mu zo. Mu dai tsarinmu shi ne, duk inda ba a rubuta halal ba, kifi da kayan ruwa da ganye muke ci. To amma ƙarfe ɗaya ne, cokulan girki ɗaya, kuma girkin Japan yana yawan amfani da sake da mirin, waɗanda dukkansu giyar shinkafa ce. Na yi wa yarinyar da ta zo karɓar oda bayani. Ba ta nuna gajiya ba, ta rubuta, ta maimaita mini abin da na ce, ta tafi. Da mai girkin ya turo kekensa na kaya ya iso, bayan ya rusuna ya gaishe mu, abin da ya fara yi shi ne duba takardar ya nuna mu shida da hannu, ya ce namu zai fara gasawa kafin nama ya taɓa ƙarfen, kuma ba zai zuba mana komai ba sai man shanu da gishiri da lemon tsami. A nan hankalina ya kwanta.

Har yanzu ina ganin hannunsa. Ya zuba ruwa a ƙarfen, tururi ya tashi, ya kankare shi tas, ya goge da tsumma. Ya jera jatan lande kamar an auna da zare, ya datse wutsiyoyin da bakin wuƙa cikin ƙiftawar ido, ya ɗora kifin samon ta gefen da wuta ba ta da ƙarfi sosai. Sannan ya yanka albasa zobe-zobe, ya ɗora ƙarami kan babba har ta zama ɗan tsauni, ya zuba abu a ciki hayaƙi ya riƙa fita ta sama, ya tura ta a hankali yana kwaikwayon kukan jirgin ƙasa. Autarmu mai shekara biyar ta miƙe tsaye a kan kujera don murna. Amma wasan bai ɗauke shi daga aikinsa ba. Yana yi wa yara dariya, idonsa na kan kifin, kuma ya sauke shi daidai lokacin da cikinsa ke da sauran danshi. Jatan landen bai zama roba ba. Taliyar udon mai kauri da ya soya da kabeji da sauran ganye ta ɗauki ƙamshin ƙarfen, sai farar shinkafa a ƙaramin kwano.

Hajiya kuwa abin da ya burge ta daban ne. Ta ga wasu fararen yanka suna yin ja a gefen ƙarfen, ta leƙa, ta ce da uwargida, "Ke 'yar nan, wannan ba awara ba ce?" Ita ce kuwa, su tofu suke ce mata. Ta buɗe jaka ta fito da ƙullin yajinta na Kano, wanda ba ta rabuwa da shi, ta barbaɗa. Mai girkin ya tambayi mene ne, na ce masa ƙuli-ƙuli ne da barkono da citta. Ya sunsuna, ya gyaɗa kai. Matar da ke teburinmu ma ta nemi a sam mata, ta zuba a kan namanta, ta sha ruwa kofi guda, ta sake miƙo hannu.

Ba abinci ne mai araha ba, kuma ban yi tsammanin haka ba a cikin Disney. Ga haraji, ga ladan masu hidima kashi 18 cikin ɗari da ake sakawa kai tsaye idan kun kai mutum shida. Amma mun samu sama da sa'a guda a zaune cikin sanyi, ba wanda ya hanzarta mu, muka sauko da ƙarfinmu muka tarar ana kiɗan manyan gangunan taiko a gindin hasumiyar nan mai hawa biyar da aka gina bisa siffar ta haikalin Horyu-ji da ke Nara a Japan.

Bayan kwana biyu, da muka fito daga wani wurin shaƙatawar da magariba, yara suka matsa sai an sake "na wuta". Muka tsaya a wani gidan teppanyaki da ke kan babban titin masu yawon buɗe ido, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Abin da ya yi kyau zan faɗa: kuɗinsa ya fi sauƙi, ba tikiti, ba mu kama wuri tun da wuri ba amma aka ba mu cikin minti ashirin. Abincin ya fi yawa, har da romo da ganye kafin a fara, kuma soyayyar shinkafarsu da ƙwai ta yi daɗi ƙwarai. Wasa ma sun fi yi. Mai girkin ya kunna wuta ta tashi kusan zuwa rufi, ya juya ƙwai a kan cokali, ya cafe shi da hula. Yarana sun ce nan ya fi.

Ni kuwa a nan raina ya ɓaci. Na yi wa mai karɓar oda irin bayanin da na yi a can, ya ce ba damuwa, amma saƙon bai isa ga mai girki ba. Naman waɗanda muke tebur ɗaya da su ya fara zubawa, romonsa yana gangarowa zuwa inda kifinmu yake, kuma cokali ɗaya yake juya duka da shi. Kafin in buɗe baki ya ɗauko wata gorar roba ya fesa a kan ganyen kowa, sannan ya juyo yana neman wanda zai buɗe baki a fesa masa. Da na tambaya, ya ce giyar sake ce. Hajiya ba ta ce uffan ba, ta dai janye farantinta ta naɗe hannu. Wanda ya san dattijuwar Bahaushiya ya san wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Manajan ya zo ya ba da haƙuri, aka sake yi mana namu a kicin aka kawo, kuma ban raina wannan ba. Sai dai abin da ya kawo mu, wato a gasa muna gani, ya riga ya tafi. Kifin da aka kawo daga ciki ya bushe, Hajiya ta ci shinkafa kawai don kada yara su damu.

Saboda haka idan aka tambaye ni, Teppan Edo zan zaɓa, ko da zan rage wata sayayya don in biya. Wanda ba shi da abin da yake gudu a abinci, yana da samari masu ci da yawa, kuma yana lissafin aljihu, na waje zai ƙosar da shi, yaransa kuma za su sha kallo. Amma mai tafiya da iyaye, ko mai kiyaye abin da ke shiga cikinsa, kada ya tsaya ga mai karɓar oda kaɗai a ko'ina ne. Ya jira mai girkin ya iso, ya gaya masa baki da baki kafin a ɗora komai a ƙarfen, ya kuma roƙi a fara da nasa.

Ranar da za mu raka Hajiya filin jirgi, tana haɗa kaya, ta ciro sauran ƙullin yajin ta miƙa wa uwargida. Ta ce a ajiye, idan Allah ya kai mu baɗi muka koma wurin mai awarar nan, a kai masa.