Asibitin ɗaure bututun maniyyi: likitan ya iya bayani, teburin karɓar baƙi kuwa sai a hankali

Bayan tiyatar haihuwa ta huɗu likitoci suka ce wani cikin zai iya zama ajalin maiɗakina, magungunan tazara kuma ba sa karɓar jikinta. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Abuja, wajen likitan mafitsara, don a yanke min bututun maniyyi a ɗaure in daina haihuwa, bayan na tuntuɓi malamina kan hukuncin larura.

Aikin kansa bai kai rabin awa ba. Allurar kashe zafi ce kawai ta ɗan cije ni, ina kwance muna hira har aka gama.

Abin da ya sa nake yaba wurin shi ne zaman da muka yi kafin aikin. Na tambaye shi: tunda maraina ba za su daina ƙera ƙwayoyin maniyyi ba, ina za su tafi? Ya jawo takarda ya zana min. Ya ce jiki ne ke shanye su. Sai dai ƙwayoyin nan ba sa samuwa sai an balaga, bayan garkuwar jiki ta gama sanin nata, kuma akwai shinge tsakaninsu da jini. In an yanke bututun wasu suka tsiyaya, garkuwar sai ta ɗauke su baƙi ta haɗa musu sinadaran yaƙi. Fiye da rabin mazan da aka yi wa aikin haka take faruwa da su, wani ma har ɗan ƙullutu ke fito masa a wurin yankan.

Na ce, Likita, wannan ba ciwo ba ne? Bai yi min rufa-rufa ba. Ya ce a zomaye an ga kumburin maraina bayan aikin. A 1978 kuma Nancy Alexander da Thomas Clarkson a Amurka sun ba da rahoton cewa biran da aka yi wa aikin, ana ciyar da su abinci mai yawan kitse, jijiyoyin jininsu sun fi toshewa. Hankalin likitoci ya tashi, aka bi dubban maza shekara da shekaru, ba a ga ciwon zuciya ya ƙaru musu ba. Inda abin ke da tasiri, in ji shi, shi ne ranar da mutum ya so a sake haɗa bututun: sinadaran nan na iya rage wa maniyyi kuzari. Don haka ya ce in ɗauka babu komowa, in je gida mu sake shawara da maiɗakina.

Matsalata da teburin gaba ce. Yarinyar ta ɗaga murya ta faɗi sunana da sunan aikin a gaban jama'a, har wani dattijo ya juyo yana kallona. Takardar kula da rauni kuma da Turanci kaɗai aka buga ta, ga ƙananan baƙaƙe.

Gwajin maniyyi na bayan wata uku yana cikin kuɗin da aka biya, kuma su da kansu suka kira ni don tuni. Kafin sakamakon ya fito, likitan ya ja kunnena kada mu saki wata hanyar kariyar.