Hattara da Masu Sayar da "Lamba Ɗaya a Google"

Duk wanda ya buɗe wa kasuwancinsa shafi a intanet, ba da jimawa ba wannan saƙon zai iske shi. Wani lokaci ta imel, wani lokaci ta WhatsApp, wani lokacin kuma ta akwatin "tuntuɓe mu" na shafin nasa. Kalmomin kan ɗan sauya, amma zancen ɗaya ne: "Mun duba shafinku, mun ga kurakurai masu yawa, shi ya sa ba kwa fitowa a Google. Za mu kai ku lamba ɗaya cikin wata guda, da garanti." Wasu har su ƙara da cewa suna da mutum a cikin kamfanin. Jama'a, don Allah kada ku tura wa irin waɗannan ko sisi, kuma kada ku ba su kalmar sirrin komai.

Ba wai sana'ar ce ƙarya ba. Gyaran shafi domin injin bincike ya gane shi ya nuna wa masu nema, abin da ake kira SEO, aiki ne na gaske, akwai masu yin sa da amana suna cin halaliyarsu. Matsalar ita ce garantin. Kamfanin Google da kansa ya rubuta a shafinsa na shawara ga masu kasuwanci cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin lamba ɗaya, ya kuma ce a yi hattara da duk mai iƙirarin yana da wata alaƙa ta musamman da shi, ko yana da hanyar shigar da shafi ta gaggawa. Babu wannan hanyar. Ba a biyan Google kuɗi domin shafi ya shiga sakamakon bincike ko ya hau sama. Abin da ake biya talla ce, ita kuma da alamarta a jiki. Ko tambarin Google Partner da wasu ke liƙawa a ƙasan saƙonsu, na masu kula da tallace-tallace ne, bai ba kowa ikon matsar da shafi ko da layi ɗaya ba.

To yaya suke cika alkawarin? Nan ne wayon yake. Za su zaɓo wata doguwar jimla da babu mai rubuta ta a wurin bincike, misali cikakken sunan kamfaninka haɗe da sunan hajarka da wasu kalmomi uku a gaba. Dama ko ba su taɓa komai ba kai ne za ka fito, tunda babu mai gasa da kai a kanta. Sai su ɗauki hoton allo su turo: ga ka nan a sama, a cika mana ragowar kuɗi. Wasu kuma su ɗan sayi talla ta 'yan kwanaki da wani ɓangare na kuɗinka, ka ga sunanka a saman shafi ka yi murna, ranar da kuɗin tallar ya ƙare ka ɓace.

Sai kuma rahoton ƙarshen wata, mai launuka da kibiyoyi duk suna kallon sama. Ka tsaya ka karanta shi da kyau. Za ka ga "mun shigar da shafinka a injunan bincike ɗaruruwa", alhali injunan da mutane ke amfani da su ba su da yawa, kuma da kansu suke gano shafuka. Za ka ga "mun cika maka kalmomin bincike a ɓoyayyen kan shafi", alhali tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya duba wannan gurbin wajen jera sakamako. Za ka ga wani maki wai shi Domain Authority ya tashi. Wannan ma'aunin kamfanin Moz ne, ba na Google ba, kuma ana iya kumbura shi ba tare da mutum ɗaya ya ƙaru cikin masu shigowa shafinka ba. Abin da ba za ka gani a rahoton ba shi ne mutum nawa suka kira waya, nawa suka yi oda.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓarnar da suke bari a jikin shafin. Tun kafuwar Google a 1998, linki daga wani shafi zuwa naka tamkar shaida ce cewa kana da abin faɗa. Saboda haka macutan suke sayar da linki dubu-dubu, daga shafukan bogi da aka kafa don wannan kawai, da sharhin da na'ura ke watsawa a ƙarƙashin rubuce-rubucen mutane, wasu ma daga shafukan da aka yi wa kutse. Wannan ya saɓa wa dokokin Google ƙarara. A 2012 ya fito da tsarin da aka sa wa suna Penguin domin farautar irin wannan, shafuka masu yawa suka faɗo. A yau galibi yakan yi watsi da linkin banza ne kamar babu su, wato kuɗinka ya tafi a iska. Idan abin ya yi yawa kuma, ma'aikacin Google ya sa wa shafin takunkumi da hannu.

Kuma hukuncin a kan mai shafi yake sauka, ba a kan wanda ya yi aikin ba. A farkon 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda aka saya wa babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, linki barkatai. Kamfanin ya ce bai san an yi ba, ya sallami waɗanda ya ba aikin, amma hakan bai hana shi faɗowa ba. A wani bincike na jakar tafiya, daga lamba 1 ya koma ta 71 cikin sa'o'i biyu. Kafin nan, a 2006, an cire shafin BMW na Jamus daga Google gaba ɗaya na ɗan lokaci, saboda shafukan da ke nuna wa injin bincike abu ɗaya, su nuna wa mutane wani daban. Waɗannan suna da lauyoyi da ma'aikata, sun farfaɗo. Ƙaramin ɗan kasuwa da shafinsa ne ƙofar cinikinsa, wa zai tsaya masa?

Akwai kuma masu kiran waya. Murya ce a natse, wani lokaci ma ta na'ura, tana cewa daga Google ake kira, bayanan kasuwancinka da ke kan taswira za a goge su ko a rubuta an rufe, sai dai in ka biya kuɗin tantancewa yau. Ita wannan rajistar ta kan taswira, Google Business Profile, kyauta ce daga farko har ƙarshe. A 2018 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta gurfanar da wasu kamfanoni a jihar Florida kan irin wannan kira, suna karɓar dala 300 zuwa 700 daga ƙananan 'yan kasuwa. A 2022 Google da kansa ya kai ƙarar wasu da ke yin haka da sunansa. Wani kuma ba kuɗi zai nema ba, cewa zai yi ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu. Kana karantowa, ka miƙa masa rajistar kasuwancinka, yana iya sauya lambar wayar da ke ciki ya sa tasa.

Wannan batun mallaka shi ne wanda nake roƙon kowa ya riƙe da hannu biyu. Adireshin shafinka, wato domen, da sunanka da imel ɗinka za a yi masa rajista, ba da na mai yi maka aiki ba. Haka wurin ajiyar shafin, haka Search Console, wato shafin Google da ke nuna maka yadda shafinka yake a sakamakon bincike, wanda shi ma kyauta ne. Duka suna da hanyar ba wani izinin shiga ya yi aiki ba tare da ya zama mai shi ba, kuma kana iya janye izinin duk ranar da ka so. Wanda ya dage sai ka ba shi ainihin kalmar sirrinka, ko ya ce zai gina maka wani shafi na daban da zai riƙa turo maka mutane amma a hannunsa zai zauna, to ranar da kuka ɓata zai juya wannan shafin ga abokin gasarka, ko ya ce sai ka fanshi naka. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Idan za ka ɗauki mai aiki, ka sa ya yi maka bayanin abin da zai taɓa a shafin da harshen da za ka gane, a rubuce. Na kirki zai tambaye ka me kake sayarwa, su wa ke saye, me suke tambaya kafin su saya. Zai yi maganar saurin buɗewar shafi a waya, da taken kowane shafi, da bayanin kaya na gaskiya da hotunansu. Zai kuma gaya maka a fili cewa abin yana ɗaukar lokaci. Google ma cewa ya yi yawanci wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfani. Wanda ya ce dabararsa sirri ce, ko ya yi tayin rubuta maka yabon kwastomomin ƙarya, ka sallame shi tun a nan.

Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsu, kada kunya ta hana shi motsi. Ka fara sauya kalmomin sirri, ka duba jerin masu izini a domen da wurin ajiya da Search Console da rajistar taswira, ka cire duk wanda ba ka sani ba. Ka dakatar da cirar kuɗi ta wata-wata a bankinka. Sannan ka buɗe sashen da ke nuna takunkumin hannu a Search Console. In akwai, zai faɗa maka dalili, ka gyara ka nemi a sake dubawa. Ka rubuta site: haɗe da adireshinka a wurin bincike, ka ga ko an cusa maka shafukan caca ko na magunguna da ba kai ka sa ba. Saƙonninsu da rasit ɗin biya kuma ka adana su, da su za ka kai ƙara ga banki da hukuma.